Jirgin ƙasa mai dogo ɗaya

Duk wanda ya taɓa zuwa Kano ko Paraku ya ga jirgin ƙasa. Wanda bai je ba ya gan shi a hoto. Jirgin ƙasa yana tafiya bisa dogayen ƙarafa biyu da aka shimfiɗa a ƙasa, ɗaya daura da ɗaya. Su ake kira dogo. Ƙafafun dama suna bisa ƙarfe guda, na hagu suna bisa gudan. Shi ya sa jirgi ba ya kifewa.

To, an taɓa yin wani jirgi wanda dukan nauyinsa yake bisa ƙarfe ɗaya tak. Ya yi shekara 36 yana ɗaukar mutane da shanu da rairayi a ƙasar Ailan, daga 1888 zuwa 1924. Dubarar kuwa a bayan raƙumi aka gano ta.

Ƙasar Ailan

Ku duba taswirar Turai. Yamma da Ingila za ku ga wani tsibiri, teku ya kewaye shi ko ta ina. Shi ne Ailan. Ƙarami ne: Nijar ta yi shi kamar sau 15. Can ba rani ba bazara irin namu. Ruwan sama yana sauka ko wane wata, ciyawa kullum kore shar. Mutanen karkara manoma ne da makiyaya. Suna kiwon shanu da tumaki, suna noman dankalin Turawa. Harsuna biyu gare su, nasu na gado da kuma Ingilishi. A Jamhuriyar Ailan yara suna koyon duka biyun a lakwal.

A kudu maso yammacin tsibirin, cikin jihar Keri, akwai garuruwa biyu. Ana rubuta su Listowel da Ballybunion. Mu sai mu ce Listowal da Balibaniyan, don sauƙin baki. Listowal garin kasuwa ne, a bakin wani gulbi. A 1880 babban jirgin ƙasa ya fara ratsa shi. Balibaniyan kuwa ɗan gari ne a bakin tekun Atlantika, mai rairayi da yawa. In lokacin ɗumi ya yi, mutane suna zuwa can hutu, su yi wanka a teku. Tsakanin garuruwan nan biyu kilometir 15 ne. A wancan zamani ba mota. Sai ƙafa, ko keken doki.

Mutanen Balibaniyan suna son jirgi ya iso garinsu. Amma shimfiɗa dogo yana cin kuɗi ƙwarai, su kuwa ba su da yawa. Ana nan sai ga wani Bafaranshe da wata dubara mai araha.

Abin da Lartig ya gani a Aljeriya

Sunansa Sharl Lartig. Injiniya ne, an haife shi a 1834, ya rasu a 1907. Ya yi aiki a Aljeriya lokacin da Faransa take mulkinta. A tuddan ƙasar akwai wata ciyawa mai ƙarfi da ake kira alfa. Da ita ake tufka igiya, ana saƙa tabarmi, ana kuma kai ta Turai a yi takarda. Matsalar ita ce ɗauko ta daga daji. In an shimfiɗa dogo a ƙasa, iska ta taso, sai rairayi ya binne shi.

Lartig ya tsaya ya dubi raƙuma. Ku ma kun san yadda ake labta wa raƙumi kaya. Ba a ɗora kayan duka bisa tozo. Ana raba shi biyu, rabi dama, rabi hagu, su sauko bisa haƙarƙari. Haka ƴan ayari suke yi da kantun gishirin Bilma. Haka ake yi wa jaki da mangala. In ɓangarorin nan biyu sun yi daidai, kayan sai ya zauna daram, dabba ta yi ta tafiya har yamma. In ɗaya ya rinjaya, ba a zuwa ko'ina sai an tsaya an gyara.

Lartig ya ce a ransa: a yi wa jirgi gadon baya irin na raƙumi mana. Sai ya ɗaga ƙarfen dogo sama. Ya aza shi bisa ƙafafun ƙarfe masu kama da baƙin A, a jere, ɗaya bayan ɗaya. Tarago ya hau bisa ƙarfen kamar mangala, rabinsa ya rataya dama, rabi hagu. Rairayi ya zo ya wuce ta ƙarƙashi. Wajen 1881 ya riga ya kafa irin wannan dogo mai tsawon kilometir 90 a Aljeriya. Ba inji ke jan taragun ba, alfadarai ne.

Ku gwada da kanku. Ku ɗaure igiya tsakanin itace biyu, ku ja ta ta miƙe. Ku samo guntuwar waya mai kauri, ku lanƙwasa ta tsakiya, ku aza ta bisa igiyar. Ku rataya gwangwani ɗaya a ko wane baki na wayar. Ku zuba tsakuwa daidai wa daida. Ku tura. Abin zai bi igiya, ba zai faɗi ba, don nauyin yana ƙasa da igiyar. Yanzu ku kwashe tsakuwar gwangwani guda. Me ya faru? Ku riƙe abin da kuka gani, don dukan wahalar jirgin nan daga nan ta fito.

Yadda aka gina shi

A 1886 aka kafa ɗan guntun dogon Lartig a birnin Landan, don mutane su gani da idonsu. A wancan lokaci Ailan tana ƙarƙashin Ingila, saboda haka majalisar Landan ce ta ba da izinin a yi shi tsakanin Listowal da Balibaniyan. Wani injiniya ɗan asalin Jamus, mai suna Ber, ya shugabanci aikin. Aka fara a 1887. Cikin ƴan watanni aka gama. An kashe fam 30,000, kuɗin Ingila. A ƙarshen Fabrairu na 1888 aka yi bikin buɗewa, a farkon Maris jirgi ya fara ɗaukar mutane.

Ƙarfen sama yana da tsayin kusan metir ɗaya daga ƙasa. Gaskiya ita ce akwai waɗansu ƙananan ƙarafa biyu, ɗaya a ko wane gefe, can ƙasa-ƙasa a jikin ƙafafun. Amma su ba su ɗaukar nauyi. Aikinsu su hana tarago lilo.

Kan jirgi uku aka saya. Wani kamfani mai suna Hunslet ya ƙera su a garin Lids na Ingila. Da tururi suke aiki: a hura wuta da gawayin ƙasa, ruwa ya tafasa cikin tukunya, tururi ya tura ƙafafu. Kan jirgi na kullum tukunya ɗaya gare shi, a tsakiya. Amma nan tsakiya ƙarfe ne! Dole aka yi tukunya biyu, ɗaya dama, ɗaya hagu, da murhu biyu, da bututun hayaƙi biyu. Ƙafafu uku masu ja suna jere a tsakani, ɗaya bayan ɗaya. Ga wata babbar fitila a gaba. In ka hango shi, sai ka ce tagwaye ne aka ɗaure wuri guda. Ɗan wuta yana kula da murhu ɗaya. Direba kuwa, ban da tuƙi, shi ke zuba wa gudan gawayi.

Tafiya a cikinsa

Daga Listowal jirgi yana tsayawa a wani ƙauye da ke tsakiya, Lisaltan, kana ya wuce bakin teku. Tafiyar minti 40 ce ko kusa da haka. Ku lissafa: kilometir 15 cikin minti 40, kilometir nawa ke nan cikin awa ɗaya? Ba gudu ba ne na a zo a gani, amma ya fi keken doki.

Ko wane tarago ɗaki biyu ne, ƙarfen dogo ya raba su. Fasinja yana zaune ya ba dogo baya, ƙafafun jirgi suna birgima daidai ƙeyarsa. Waɗanda suka shiga sun ce ƙara ta isa. Kafin a tashi, ma'aikaci yana duba ko wane tarago. In mutane sun yi yawa a dama, sai ya ce waɗansu su koma hagu. To, ta ina za su bi, ga dogo ya tare hanya kamar darni? Sai aka yi matakala mai hawa da sauka, jirgi yana yawo da ita. In an tsaya a tasha, mutum ya hau ta nan, ya sauka ta can.

Dabbobi ma haka. Mutanen Keri suna ba da labarin manomin da zai kai saniya kasuwa. Saniya ɗaya ba ta shiga jirgi ita kaɗai, sai ta rinjaye shi. Sai ya aro maruƙa biyu wurin maƙwabci, aka sa su a ɗaya gefen. Aka sayar da saniya. Wajen komowa aka sa maraƙi ɗaya dama, ɗaya hagu. Ana ba da wannan labari iri-iri, wani ya ƙara gishiri, wani ya rage. Amma dokar da ke cikinsa gaskiya ce: ba a tashi sai kaya ya daidaita.

Babban kayan da jirgin ya fi ɗauka shi ne rairayi. Rairayin bakin teku yana da garin ɓawon katantanwa a ciki. Manoma suna zuba shi a gona don ya gyara musu ƙasa, magina kuma suna aiki da shi. Ku ji abin dariya: dogon da aka ƙago don gudun rairayi, ga shi ya ƙare yana dakon rairayi.

Darni na kilometir 15

A hamada ba wanda ya damu in ka kafa ƙarfe mai tsayin metir ɗaya daga nan har can. Fili ne. Amma Keri ƙasar gonaki ce da hanyoyi. Dogon ya raba gonar mutum biyu, gida nan, makiyaya can. Saniya ba ta tsallake shi, keken doki ba ya hawa kansa.

Aka nemi dubara. Inda hanyar gona ta gitta, aka yi wani yanki na dogon mai juyawa kamar ƙyaure. Aka sa masa kwaɗo, aka ba manomi mabuɗi. In zai wuce da shanunsa sai ya buɗe, ya tura dogon gefe, ya wuce, ya mayar, ya kulle. A waɗansu hanyoyi kuma aka yi gada mai fiffike biyu, ana ɗaga su da sarƙa in jirgi zai wuce, a sauke su in ya wuce. Dole a ajiye mutum yana tsaronta. An haɗa waɗannan mashigai da alamar da ke gaya wa direba ya tsaya in hanya ba ta buɗe masa ba.

Ko sauya wa jirgi hanya a tasha aiki ne. Sai an juya wani lanƙwasasshen yanki na dogo da ƙarfin hannu, har bakinsa ya haɗu da layin da ake so. Kuma taragon babban jirgi ba ya hawa wannan dogo. Duk kayan da ya iso Listowal sai an sauke shi, an sake labtawa.

Kun ga arahar ta fara tsada. Abin da aka rage wajen gini, ana biyansa kullum wajen aiki. Lokacin ɗumi jirgi yana cika da masu zuwa teku. Lokacin sanyi kuwa sai ya yi ta zirga-zirga kusan wayam. Kamfanin bai taɓa yin arziki ba. A Faransa ma an gina irin wannan dogo tsakanin garuruwan Fer da Panisiyar, amma gwajinsa bai yi kyau ba, ba a taɓa buɗe shi ga jama'a ba. Na Ailan shi ne ya daɗe. A ganina, abin mamakin ba mutuwarsa ba ne. Abin mamakin shi ne yadda ma'aikatansa suka riƙe shi har shekara 36.

Ƙarshensa

A 1922 mafi yawan tsibirin Ailan ya fita daga hannun Ingila. Nan take yaƙin basasa ya tashi tsakanin ƴan ƙasa, daga 1922 zuwa 1923. Jihar Keri ta sha wuya ƙwarai. An lalata gadoji da dogo a wurare da yawa, ɗan jirgin nan ma bai tsira ba. Ga shi ya tsufa, ga motoci sun fara yawa a hanya.

Bayan yaƙi, sabuwar gwamnati ta haɗa kamfanonin jirgin ƙasa suka zama babban kamfani guda. Ba a sa na Lartig a ciki ba. Wa zai ɗauki jirgin da bai dace da na kowa ba? Ran 14 ga Oktoba 1924 ya yi tafiyarsa ta ƙarshe. Masu sayen tsohon ƙarfe suka zo daga Ingila. Suka kwance dogo, suka yanka kan jirgi duka ukun. Ko ɗaya bai rage ba.

Abin da ya rage

In babban abu ya ɓace, ƙananan abubuwa ke ba da labarinsa. Akwai mutane a Ailan da Ingila waɗanda ba su da abin sha'awa kamar tara kayan tsofaffin jiragen ƙasa: tike, fitila, ƙararrawa, maɓallin rigar ma'aikaci, takardar lokutan tashi, allon ƙarfe mai sunan kamfani. Suna saye, suna musaya, suna zuwa gwanjo. Kayan babban kamfani suna da yawa, ba su da tsada sosai. Na ƙaramin kamfani da ya mutu tuntuni su ne ake wahalar samu. Jirgin da ke da kai uku kacal da ƴan tasoshi, fitila nawa zai bari?

Mu ɗauki tike. Ɗan guntun kwali ne, tsawonsa bai kai santimetir 6 ba, faɗinsa kamar 3. Wani Bature ma'aikacin tasha, Tomas Edmansan, ya ƙago irinsa wajen 1840, jiragen ƙasa na duniya suka ɗauka. Ƙarami ne, amma mai ido yana karanta abu da yawa a jikinsa. Ga sunan kamfani. Ga tashar da aka tashi da wadda za a sauka. Ga kuɗin da aka biya, da ajin da mutum ya zauna, na masu hali ko na talakawa. Ga lamba, don ko wane tike da tasa. A gefe ga ranar tafiya, an buga da ɗan inji. In akwai huda, to ma'aikaci ya duba shi a hanya. Ka'ida ita ce fasinja ya ba da tikensa in ya sauka, daga baya a lalata. Saboda haka wanda ya tsira, ko dai an manta shi a aljihu, ko an saka shi cikin littafi, ko wani yaro ya ɓoye. Abin da aka saya da ƴan kwabbai don tafiyar minti 40, yau a bayan gilashi ake ajiye shi.

Sai hotuna. Da yake jirgin baƙon abu ne, masu ɗaukar hoto sun yi ta zuwa. An buga hotunansa bisa katin gidan waya, masu hutu suna aika wa danginsu. Babban ɗakin littattafai na ƙasa, a birnin Dablin, yana ajiye da waɗansu tsofaffin hotunan. Akwai ma ɗan guntun fim inda ake ganin jirgin yana tafiya. Da hotunan nan ne ake ƙirga ƙusoshi, a auna tsayin bututu, a ga irin hular direba.

Mai tara kayan da ya san aikinsa ba ya gaggawa. Inda abu ya yi tsada, nan jabu ke shigowa. Ana zuba sabon allon ƙarfe, a bar shi cikin ruwa ya yi tsatsa, a ce tsoho ne. Don haka tambayar farko ita ce: daga hannun wa ya fito? A gidan wa aka same shi? Kakan mai shi ya yi aiki a jirgin? Fitilar da aka san tarihinta ta fi wadda ba a san asalinta ba, ko da ta biyun ta fi ƙyalli. Kuma ba a goge tsohon abu har ya koma sabo. Takarda kuwa maƙiyanta uku ne: rana, laima da ƙwari.

Ƙarfen dogon fa? Masu saye ba su kwashe shi ƙaf ba. Guntaye sun saura nan da can a karkara. Wani manomi na wajen Lisaltan ya yi shekaru yana bi yana tsinta. A 1988, da jirgin ya cika shekara 100 da buɗewa, ya riga ya haɗa dogo na kusan metir 50, da tarago ɗaya bisansa. Jikokin waɗanda suka shiga jirgin suka zo suka taɓa shi da hannunsu. Da yawansu a bakin kakanni kawai suka san shi, tare da labarin saniya da maruƙa.

Daga nan mutanen Listowal suka kafa ƙungiya, suka nemi kuɗi. Ba kan jirgi ko ɗaya da za a kwaikwaya, sai hotuna, da tsofaffin zane-zane, da guntayen da aka tsinto. Da su wani kamfanin Ingila mai suna Alan Keef ya ƙera sabon kai da taragu. A 2003 aka buɗe sabon dogo, gajere, wanda bai wuce kilometir ɗaya ba, a filin tsohuwar tashar Listowal. Tsohon ɗakin ajiyar kaya na tashar ya zama gidan tarihi, aka jera hotuna da kayan da aka samu. Sabon kan jirgin yana da tukunya biyu da bututu biyu da babbar fitila, kamar na da. Amma tukwanen na ado ne. Injin gazuwal ne a ɓoye a ciki. In ya kai ƙarshen layi, ma'aikata suna sauka, su dafa dogo, su juya shi da hannu kamar yadda ake yi a 1888.